Kurakuran da masu manyan motoci suka fi yi wajen rubuta nisan tafiya don harajin mai a Amurka da Kanada

Duk wanda ya mallaki tirela ɗaya ko biyu a Amurka ko Kanada, kuma motarsa tana tsallaka iyakar jiha da kaya, ba da jimawa ba zai san yarjejeniyar harajin mai da ake kira IFTA, wadda ta haɗa jihohin Amurka 48 da lardunan Kanada 10. Ta shafi motar da ke da aksul biyu (aksul shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun hagu da na dama) idan nauyinta ya haura fam 26,000, da kuma mai aksul uku ko fiye, ko nawa ne nauyinta. Mai mota yana miƙa rahoto ɗaya ga jihar da ya yi rajista, sau huɗu a shekara, ita kuma ta raba kuɗin ga sauran jihohin da motar ta ratsa. Tsarin ya rage wahala ƙwarai, amma ya dogara kacokan ga abin da direba ya rubuta a hanya, kuma a nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi yin asara.

Tushen yawancin kurakuran shi ne zaton cewa an gama biyan haraji a gidan mai. Abin da aka biya a famfo kamar ajiya ce kawai, domin jihar da aka ƙone man a kan titinta ita ce mai haƙƙin harajin. Ga yadda lissafin yake. Ana raba jimillar nisan da motocin suka yi cikin wata uku da jimillar galan ɗin da aka zuba musu, sai a sami mil nawa galan ɗaya ke kai su. A ce mota ta yi mil 30,000 ta sha galan 5,000, wato mil 6 ke nan a galan. Idan mil 3,000 daga ciki a Pennsylvania ta yi su, to ta ƙone galan 500 a can. Idan kuma galan 200 kawai aka saya a jihar, ana bin mai motar harajin galan 300, yayin da wata jihar da ya sayi mai fiye da abin da ya ƙone a cikinta za ta rage masa. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa kuskure a adadi ɗaya yana gurɓata lissafin dukkan jihohi, tun da duk da ma'auni ɗaya ake auna su.

Kuskure mafi yawa, kuma wanda na fi ganin ya kamata a tsaya a kansa, shi ne rubuta tafiyar da aka yi da kaya kaɗai. Direba yakan ɗauka cewa nisan da ba a biya shi kuɗinsa ba bai shiga lissafi ba, sai ya bar dawowar da ya yi fanko, da zuwa garejin makaniki, da zagayen neman wurin kwana, da tafiya gida a kan tirela bayan ya ajiye bodi. Amma mota ta sha mai a duk waɗannan, saboda haka dole su shiga jimilla. Mai binciken asusu ba ya shan wahala kafin ya gano wannan: yana duba lambar mitar da ke ƙidaya nisan da mota ta yi a ƙarshen tafiya ɗaya, ya duba ta a farkon ta gaba, idan akwai giɓi tsakaninsu to akwai nisan da ba a faɗi inda aka yi shi ba. Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Lambar da aka rufe tafiyar yau da ita, ita ce za a buɗe ta gobe da ita, kuma takardar kowace tafiya ta ƙunshi ranar tashi da ranar isa, inda aka tashi da inda aka nufa, hanyar da aka bi, lambar motar, da nisan da aka yi a kowace jiha. A ƙarshen wata, mai motar ya tara nisan dukkan takardun ya gwada da bambancin da mita ta nuna daga farkon wata zuwa ƙarshensa. Idan ba su zo daidai ba, ya nemo dalili tun direba bai manta ba.

Kusa da wannan akwai dogara da nisan da dillalin kaya ya rubuta a takardar biya, ko wanda taswira ta nuna. Waɗannan sukan auna hanya mafi kusa, alhali direba yana iya kauce wa cunkoso ko gyaran titi ya bi wata hanya, wani lokaci ma ya ɗan ratsa jihar da ba ta cikin shiri. Abin da doka ke nema shi ne hanyar da ƙafafun mota suka taka, don haka mai rubutu da hannu ya riƙa ɗaukar lambar mita a duk iyakar da ya tsallaka.

Tun da aka wajabta na'urar ELD a Amurka a watan Disamba na 2017, mutane da yawa suka saki jiki, suna ganin na'ura ta ɗauke musu nauyin rubutu. Ya kamata a tuna cewa don lissafa sa'o'in aikin direba aka yi ta. A wannan aikin ya isa ta rubuta wurin da mota take sau ɗaya a awa, kuma wata shida kawai aka wajabta a adana bayananta, alhali bayanan IFTA sai an riƙe su shekara huɗu daga ranar da rahoto ya wajaba ko ranar da aka miƙa shi, duk wadda ta zo daga baya. Cikin awa ɗaya mota tana iya shiga ƙaramar jiha ta fita. Saboda haka mai mota ya tambayi kamfanin da ya sayar masa da na'urar ko tana fitar da rahoton nisa jiha-jiha yadda IFTA ta yarda, sannan ya riƙa sauke ainihin bayanan GPS kowane wata yana adanawa a wurinsa, musamman kafin ya sauya kamfani. Ranar da na'ura ta lalace kuwa, a koma ga biro da takarda nan take.

Rasit ɗin mai shi ne rabi na biyu na lissafin. Wanda aka yarda da shi yana ɗauke da kwanan wata, sunan gidan mai da adireshinsa, irin man, yawan galan, farashi, lambar motar da sunan mai saye. Takardar banki da ke nuna kuɗi kaɗai ba ta wadatar ba. Rasit ɗin da ya ɓace yana cutarwa ta fuska biyu: ba za a rage wa mai mota harajin da ya riga ya biya ba, sannan idan ya cire galan ɗin daga jimilla sai motarsa ta zama kamar tana yin nisan da babu tirelar da ke yi da galan ɗaya, abin da ke jawo ido. Takardar famfo tana kuma dusashewa cikin zafi, don haka a ɗauki hotonta ranar da aka karɓe ta. Man da aka zuba wa injin sanyaya kaya kuma a karɓi rasit ɗinsa dabam, domin ba ya cikin man da ke tafiyar da mota.

Sakamakon sakaci yana da nauyi. Ana sa ran kowace jiha ta binciki kusan kashi 3 cikin ɗari na masu lasisinta a shekara, kuma idan aka sami bayanan mutum ba su isa ba, ana iya yi masa lissafi a kan mil 4 a galan, ko a rage adadin mil a galan da ya faɗa da kashi 20 cikin ɗari. A misalinmu na baya, mil 30,000 a kan mil 4 ya zama galan 7,500, wato harajin ƙarin galan 2,500 da motar ba ta taɓa sha ba, a wata uku kacal.

Akwai wasu ƙananan tuntuɓe da ake yawan yi. Mai shiga Kanada yakan cakuɗa kilomita da mil, ko lita da galan, alhali mil ɗaya kilomita 1.609 ne, galan ɗaya na Amurka kuma lita 3.785. Kentucky da Virginia suna da ƙarin haraji wanda ba a biyansa a famfo, sai a cikin rahoto. Oregon, New Mexico, New York, Kentucky da Connecticut suna karɓar wani haraji na dabam bisa nauyi da nisa, wanda rahoton IFTA bai biya shi ba, ko da yake da takardun tafiya iri ɗaya ake lissafa shi.

Ranakun miƙa rahoto su ne 30 ga Afrilu, 31 ga Yuli, 31 ga Oktoba da 31 ga Janairu, kuma ko mota ta kwana wata uku a gareji ba ta motsa ba, sai an miƙa rahoto mai nuna sifili. Tarar jinkiri dala 50 ce ko kashi 10 cikin ɗari na harajin da ake bi, duk wanda ya fi yawa, ban da kuɗin ruwa, kuma wanda ya ci gaba da ƙin miƙawa ana iya soke lasisinsa. Mai motar da ya ba da ita haya ga babban kamfani na kwana 30 ko fiye kuma ya tabbata an rubuta a yarjejeniyarsu wane ne zai miƙa rahoton, kuma ko da kamfanin ne, ya riƙe kwafin takardun tafiya da rasit a wurinsa, domin da su kaɗai zai iya tantance abin da ake cire masa a kuɗinsa da sunan harajin mai.