Yadda Ake Noman Tumatir Ɗan Gado da Kula da Shi

Tumatir ɗan gado shi ne wanda manoma suka daɗe suna adana irinsa suna miƙa wa na bayansu, kamar Brandywine da Cherokee Purple na Amurka, ko Black Krim da ya samo sunansa daga yankin Kirimiya. Ana nemansa ne saboda ɗanɗano, kuma idan aka shuka ƙwayarsa takan ba da 'ya'ya irin na uwarta, saɓanin irin zamani da ake samarwa ta hanyar auren iri biyu. Sai dai fatarsa ba ta da kauri, yawancinsa kuma ba ya jure cututtuka kamar na zamani, don haka sakaci kaɗan yakan bayyana a jikinsa.

Ana fara renon iri makonni 6 zuwa 8 kafin dashe. A binne ƙwaya zurfin rabin santimita a ƙasa mai laushi da danshi. Idan ɗumi ya kai digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos, za ta tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Mako guda kafin dashe, a riƙa fitar da shukar rana kaɗan-kaɗan har ta saba.

A zaɓi wurin da ke samun rana awa 6 zuwa 8, wanda ruwa ba ya kwanciya, kuma ba a shuka tumatir, barkono ko dankalin turawa a cikinsa ba a shekaru 3 da suka wuce, domin cututtukansu ɗaya ne kuma suna zama a ƙasa. A zuba ruɓaɓɓen taki, a bar tazarar santimita 60 zuwa 90. Wajen dashe, a cire ganyayen ƙasa a binne fiye da rabin karan, saboda duk inda ƙasa ta rufe shi saiwa za ta fito. A kafa turke mai tsawon mita 2 a ranar, tun da yawancin waɗannan irin ba sa daina tsawo, kuma kafa shi daga baya yakan tsinke saiwa.

Ban ruwa ne wurin da aka fi yin asara. A ba da shi a gindi da safe, ya ratsa ƙasa sosai, kuma a kan tsari ɗaya, ba tare da an jiƙa ganye ba. Idan ƙasa ta bushe ƙayau sannan aka kwarara mata ruwa, 'ya'yan sukan tsage. Rashin daidaiton nan kuma shi ne ke hana sinadarin kalsiyam isa gare su, sai ka ga baƙin tabo ya lotsa a ƙasan ɗan tumatir. Mutane da yawa sukan ɗauka cuta ce su nemi magani, alhali gyaran ban ruwa da shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi sun fi amfani. A riƙa tsinke ƙananan rassan da ke fitowa tsakanin kara da reshe tun suna ƙanana, a kuma guji yawan takin naitirojin, wanda ke ba da ganye ya hana 'ya'ya.

Don adana iri, a matse ƙwayoyin tumatir da ya nuna sosai daga shuka mai lafiya a cikin kwalba, a bar su kwana 2 zuwa 4 har yauƙin da ke lulluɓe su ya narke. A wanke, a zubar da waɗanda suka taso saman ruwa, a shanya sauran a inuwa har su bushe, sannan a ajiye su cikin ambulan da aka rubuta wa sunan irin da shekarar, a wuri mai sanyi marar danshi, inda za su iya kai shekaru 4 suna tsirowa.