Yadda ake auna zafin narkewar sinadari a lab, ga ƙannenmu masu firaktikal

Salam ƙannena 'yan kemistiri na Birnin Kebbi da Aliero da Gusau, wanga bayani naku ne, don kusan duk zangon karatu sai wani ya turo min ripot ɗinshi yana tambaya mi ya sa lambar da ya samu bata zo daidai da ta littafi ba, kuma wallahi galibi matsalar ɗaya ce, gaggawa wurin hura wuta.

Farko dai garin sinadarin ya zama busasshe ƙarau. Misali, lokacin damina uriya na jan laima daga iska, in ka barta a buɗe sai ta fara dunƙulewa, kuma ruwan nan kaɗai ya isa ya ɓata maka awo. Ka daka ta a ɗan turmin lab har ta yi laushi kamar garin tuwo. Kar ka ɗebo ta buhun takin da ake zubawa shinkafa a fadama ka ce ai duk uriya ce, wancan ba a tace shi don wanga aiki ba.

Sai ka ɗauko siririn bututun gilashi, kafilari. In duka bakinshi biyu a buɗe suke, ka kai baki ɗaya gefen harshen wutar bona, wato abin kunna wuta na lab, kana juyawa da yatsu har ya liƙe. Ka dangwala buɗaɗɗen bakin cikin garin, ka juyo shi ka riƙa ƙwanƙwasa gindin a kan benci a hankali har garin ya sauka ya danne. Tsayin garin milimita 2 zuwa 3 kawai, kar ya wuce. Ni karona na farko cika shi nayi kusan rabi da benzoyik asid, na kuma buɗe wuta sosai, ina kallo ƙasan ya zama ruwa saman yana nan fari fat, lambar da na rubuta ta wuce ta littafi nesa, dole na sake daga farko.

In lab ɗinku na da na'urar lantarki kuma akwai wuta, ka zura bututun a raminta shikenan. In babu, bututun Thiele, wato bututun gilashi mai lanƙwasasshen hannu a gefe da ake zuba man farafin a ciki, ya wadatar. Ka ɗaure kafilarin jikin tamomita, wato ma'aunin zafi, da 'yar roba, garin ya daidaita da kan tamomitar inda take jin zafi, robar kuma ta tsaya sama da man don mai zafi na sakar da ita bututun ya faɗa ciki. Wutar a hannun gefe ake sa ta, man da kanshi zai riƙa zagayawa yana raba zafin. Ka tabbata ko ɗigon ruwa bai shiga man ba don yana fantsama, kuma ka sa tabarau.

To ga inda aikin yake. In ka san sinadarin, misali benzoyik asid da ke narkewa wajen digiri 122 na Selsiyos, ka iya hura wuta da ɗan sauri har wajen 105, daga nan ka janye ta ka koma kai ta kana ɗaukewa, zafin ya riƙa hawa digiri 1 ko 2 a minti, ba fiye ba. Dalili kuwa zafi na ɗaukar lokaci kafin ya ratsa gilashi ya shiga garin, in kayi sauri tamomita da garin ba a zafi ɗaya suke ba. In baka san sinadarin ba, ka cika bututu biyu, na farko kayi awon gaggawa dashi ka gane wajen da yake narkewa, ka bar man ya huce ya sauko kamar digiri 20 ƙasa da inda ya narke, sannan kayi na gaske da na biyun.

Idonka a kan garin. Zaka ga ya ɗan tsuke ya janye daga jikin gilashi, wannan ba narkewa bace tukuna. Lamba ta farko ita ce lokacin da ɗigon ruwa na farko ya bayyana, ta biyu lokacin da ƙwayar ƙarshe ta ɓace komai ya zama ruwa garau. Duka biyun ake rubutawa, kamar 121 zuwa 123. Tsaftataccen sinadari tazarar bata wuce digiri 1 ko 2, in akwai gurɓata sai ya fara narkewa ƙasa da inda ya kamata kuma tazarar ta yi faɗi. Don Allah kar ka gyara lamba ta yi kama da ta littafi, abin da ka gani shi ke gaya maka ko sinadarin naka tsaftatacce ne.

Wani abu kuma, uriya da sinamik asid duk wajen 133 suke narkewa, to yaya zaka bambance su? Ka haɗa naka da wanda aka tabbatar dashi rabi da rabi, ka daka tare ka auna. In abu ɗaya ne lambar bata motsawa, in daban suke zata faɗo ƙasa sosai. Kowane awo da sabon bututu, wanda ya narke ya daskare ba a maimaitawa dashi.