Yadda za ka kalli Shaolin Soccer ka more shi

Da farko dai kafin mai tura finafinai ya zuba maka a waya, ka ce ya nuna maka tsawonsa, don kala biyu ne ke yawo. Akwai na asali na Hong Kong da ya fito a 2001, ya haura minti 100, akwai kuma wanda kamfanin Miramax suka saki a Amurka a 2004, sun datse shi ya dawo minti 87. Ka ɗauki dogon, da yarensu na Kantonis da sabtaitil a ƙasa, ko ba ka jin komai yadda Stephen Chow ke magana kaɗai ya isa ya sa ka dariya, kuma shi ne jarumin shi ne darakta.

Sai kuma ka ajiye ilimin ƙwallonka a gefe. Wallahi in ka zauna kana cewa wannan ai ofsayid ne, wancan jan kati ne, ina rafali yake, to ka ɓata wa kanka dare. Labarin 'yan kung fu na Shaolin su shida ne da talauci ya tarwatsa, Sing (wato Chow ɗin) mai ƙafar ƙarfe yana tsince-tsincen bola har ya haɗu da Fung, tsohon ɗan ƙwallo da aka karya wa ƙafa, su tattaro sauran su kafa kulob. Bos ɗin Hung ne, tim ɗinsa ma Team Evil sunanta, wato tim ɗin mugunta, ka ga ba a ɓoye maka komai ba.

Kar ka riƙa tura shi gaba kana neman faɗa, rabin farko can ne daɗin yake. Ka tsaya a wasan sada zumuntan nan da sifana ke faɗowa daga wandon wani ya ce ai shi makanike ne, sannan ka lura da golan su Sing mai kaya ruwan ɗorawa, Bruce Lee ake kwaikwayo. Mui kuwa, wadda Zhao Wei ta fito, mai kwaɓa fulawa da tai chi, wani salon kung fu, kar ka raina ta, ka riƙe ta a ranka har fainal.

Aikin kwamfutar ya tsufa, ƙwallo na kamawa da wuta kana ganin zane ne, to sai me? Ka tara abokai ku kalla a talbijin, ba kai kaɗai da iyafis ba. In akwai yara a ja musu kunne, kar gobe wani ya ce zai fasa katanga da shot. In ya ƙare kuna son ƙari ku nemi Kung Fu Hustle na 2004, shi ma na Chow ne.