Kujerar Tsohuwar Fijo: Kurakuran da Masu Farfaɗo da Mota Suka Fi Yi

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar Fijo 504 ko 404 da niyyar mayar da ita yadda take a da, kuɗinsa kan fara tafiya ne wurin inji da fenti. Kujera sai daga ƙarshe, lokacin da aljihu ya riga ya yi sanyi, kuma a nan ake yin aikin gaggawa. Mutum ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya hango doguwar kujera mai ledar da ba ta yage ba, mai kaya ya ce masa, "Alhaji, ai duk Fijo ɗaya ce," ya biya ya ɗauko. Sai an zo ɗaurawa a ga ramukan noti sun ƙi haɗuwa.

Fijo ba ɗaya ba ce. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, mai haɗa Fijo a Najeriya, da ya fara aiki a 1975 kuwa ya ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. A tsawon waɗannan shekaru an sauya abubuwa da dama a cikin motar. Ga kuma bambancin jiki: tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a salun ɗin 504 mita 2.74 ce, a wagon kuwa mita 2.90. Kujerar bayan salun a kafe take, ta wagon ɗin kaya ana naɗe ta, wagon ɗin iyali kuma layi uku gare ta. Doguwar kujerar a-kori-kura daban take, domin bangon ɗakin direba na nan daf da bayanta, ba ta da filin kwantawa. Saboda haka a je kasuwa da tef ɗin awo da takarda, kada a dogara da ido. A auno tazarar ramukan noti gaba da baya, hagu da dama. A auno faɗin motar daga ƙofa zuwa ƙofa bayan an rufe su, don hannun ƙofa yana cin wuri. In da hali, a yanko kwali a huda ramukan a jikinsa a tafi da shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne inda giya take. Motar da giyarta ke jikin sitiyari ita ce ke karɓar doguwar kujera cikin sauƙi. In giyar a ƙasa take, ko birkin hannu yana tsakiya, kujerar za ta tokare su da zarar an turo ta gaba. Akwai kuma tsofaffin 404 da suka shigo kafin 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Irin waɗannan sitiyarinsu a dama yake, don haka a duba ɓangaren da hannun matsar da kujerar yake kafin a saya.

Babban kuskure, a ganina, shi ne abin da ake yi bayan an gano kujerar ba ta dace ba. Maimakon a mayar, sai a kira mai walda ya ɗana ta a ƙasan motar, ko a huda sababbin ramuka a inda aka ga dama. Ƙarfen ƙasan mota siriri ne. Wuraren da kamfani ya tanada don noti ne kaɗai aka ƙara wa kauri daga ƙasa. Kujerar da aka ɗaure a wani wuri daban tana iya zama lafiya shekara da shekaru, amma ranar da aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, za ta iya tsinkewa da mutum uku a kanta. Gyaran shi ne a bar ramukan asali yadda suke, a ƙera ƙarfen haɗi mai kauri da zai kama su ya kuma kama ƙafar kujerar. In dole sai an huda, a sa faffaɗan falle na ƙarfe ta ƙasa ya tallafi notin. Kusar da za a ɗaura ta kasance mai lamba 8.8 ko sama da haka, lambar na nan a rubuce a kanta. Kusar bel ɗin kujera kuwa zarenta daban ne, yawanci 7/16 na inci ko da a motar Faransa, don haka kada a tilasta mata notin da ba nata ba. Kafin duk wannan a ɗaga kafet a dubi ƙasan. Ruwan da ya shekara yana shiga ta robar ƙofa a nan yake kwanciya, kuma sabuwar kujera ba ta da amfani a kan tsatsa.

Wasu kan ɗauko kujerar 406 ko ta wata motar Beljiyam su dasa, wai ta fi laushi. Laushin gaskiya ne, amma sau da yawa ta fi tsayi, sai gwiwa ta riƙa gogar sitiyari, kan dogon mutum kuma ya taɓo rufi. Wasu daga cikinsu ma da jakar iska a gefe, abin da tsohuwar mota ba ta da wayarsa. Uwa-uba, darajar motar ta faɗi a idon masu neman ta asali.

Sai wurin mai kushin. Da yawa kan ce masa ya "sake leda" kawai, shi kuma ya yi abin da aka ce. Bayan wata biyu direba ya koma cikin ramin da ya saba. Matsalar a ƙasa take: sifirin ya karye ko ya saki, ƙarfen jikin kujerar ya tsage a wajen mahaɗin majingina, soson ya zama gari. A sa ya tuɓe kujerar tsaf a gabanka. A yi waldar inda ya tsage, a kankare tsatsa a shafa fenti, a sauya sifirin da ya mutu. A shimfiɗa algarara ko zane mai kauri a kan sifirin kafin soso, in ba haka ba ƙarfen zai riƙa yanka shi sannu a hankali. Soson katifa mai arha ba na mota ba ne. A nemi mai nauyi, wanda in ka danna da tafin hannu yake turo ka ya dawo nan take. Mai tauri a ƙasa, siriri mai laushi a sama. Kada kuma a cika shi har kujerar ta kumbura, don inci biyu na ƙarin soso ya isa ya canza yadda ƙafa ke kai wa kuloci.

Tsohuwar rigar kujerar, komai yagewarta, kada a yar. Ita ce ma'auni. Mai kushin da ya san aikinsa zai warware ɗinkinta ya shimfiɗa kowane yanki a kan sabuwar leda ya zana, ya kuma ƙirga layukan ɗinkin ya maimaita su. Wanda ya ce zai yanka da ka, a nemi wani. A ɗauki hoton kujerar ta kowace fuska kafin a taɓa ta.

Ledar kujerun falo ba ta jure ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a waje, balle a cikin rufaffiyar mota. Takan bushe ta tsattsage. A tambayi ledar mota mai saƙa a bayanta, a ɗinke ta da zaren roba mai kauri, domin na auduga ruɓewa yake yi da gumi. A sayi yadin da zai ishi gaba da baya da bangon ƙofofi a lokaci guda, tunda launin bandir biyu ba ya cika zama ɗaya. Ranar sawa a shanya rigar a rana ta ɗan yi laushi, a fara kamawa daga tsakiya a bi zuwa gefe, da zoben ƙarfe irin wanda aka cire, ba da gam ko igiya ba.

Kafin a biya cikon kuɗin aiki, mai motar ya zauna da kansa, ya tura kujerar gaba da baya har ƙarshe ya ji ta kama a ɓangarorin biyu, ya taka kuloci har ƙasa, ya shiga kowace giya, ya ja birkin hannu, sannan ya rufe ƙofofin ya ga ko suna gogar gefen kujerar.