Yadda za ki tsare ƙodarki idan kina da lupus

Shekara biyu bayan an tabbatar min da lupus na fara ganin kumfa a fitsarina, mai kauri kamar an kaɗa sabulu, kuma ba ta saurin kwantawa. Babu ciwo, babu zazzaɓi, sai na share. Sai da takalmina ya daina shiga da yamma, fatar idona kuma ta riƙa kumbura da safe, sannan na faɗa wa likita. Ashe ƙodata ta daɗe tana yoyon furotin.

'Yar'uwa, ƙoda ba ta sanar da mutum da ciwo. Na ce 'yar'uwa ne domin cikin masu lupus goma kusan tara mata ne, amma namiji ma ya saurara, don shi ta fi saurin taɓa masa ƙoda. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita. Idan ta kai ga ƙananan matatun da ke tace jini, sai su kumbura, su fara sakin furotin da jini cikin fitsari. Kusan rabin masu lupus na iya fuskantar haka, galibi cikin shekara 5 na farko.

Don haka duk zuwanki asibiti ki nemi a gwada fitsari, ko da kina jin garau. A auna hawan jini, a duba sinadarin kiriyatinin a jini, wanda ke nuna yadda ƙoda ke aiki, da anti-dsDNA, da C3 da C4, gwaje-gwajen jini da ke nuna ko lupus ɗin na tashi. Ni ƙaramin littafi nake da shi, ina rubuta kwanan wata da sakamakon kowane gwaji. Lamba ɗaya ba ta faɗa miki komai, jerinsu ne ke nuna ko abin na hawa ko na sauka.

Idan furotin da ke fita a fitsari ya kai miligiram 500 a rana, likita zai kawo maganar ɗibar ɗan tsokar ƙoda da allura don a duba. Na ji tsoro ƙwarai, har na ɗaga ranar sau ɗaya, kuma na yi nadamar makonnin da na ɓata. Ana kashe wurin da allura, ki kwanta na wasu awanni. Gwajin ne ke nuna ajin ciwon cikin aji 6, kuma na 3 da na 4 su ne ke buƙatar magani mai ƙarfi cikin hanzari. Nawa na 4 ne.

An ɗora ni kan prednisolone da mycophenolate, wasu kuma cyclophosphamide ake ba su. Hydroxychloroquine kuwa kusan duk mai lupus na sha, sai dai a riƙa duba ido don yana iya taɓa shi. Akwai sababbin magunguna: a Amurka an amince da belimumab don ciwon ƙodar lupus a 2020, voclosporin kuma a 2021. Ki tambayi likitanki ko sun dace da ke.

Inda na fi jin tsoro ga 'yan'uwana shi ne lokacin da kumburi ya saɓe. Fuska ta yi fam saboda prednisolone, jiki ya yi sauƙi, sai zuciya ta ce a ajiye ƙwayoyin. Don Allah kar ki yi. Maganin riƙewa, wato wanda ake ci gaba da sha don kar ciwon ya dawo, yakan ɗauki aƙalla shekara 3, kuma duk lokacin da ciwon ya sake tashi yana barin tabon da ba ya gogewa. Tarin tabon ne ke kai wasu ga wankin ƙoda ko dashe.

Ki guji ibuprofen da diclofenac ko gaɓoɓi na ciwo, ki rage gishiri.

Idan kina son haihuwa, ki faɗa wa likita tun kafin ciki ya shiga. Mycophenolate na illata ɗan tayi, haka magungunan hawan jini irin su lisinopril. Akan sauya miki zuwa azathioprine, a kuma jira ciwon ya kwanta na aƙalla wata 6. Ni watana na huɗu ke nan da sauyawa, jibi kuma zan kai fitsari.