Kurakuran ƙarin ruwa da fotashiyam a tiyatar zuciya

Duk shekara sabbin likitoci na shigowa ɗakin tiyata, duk shekara kuma kurakuran nan ne dai nake gani. Bari in fara da wanda ya kusa sa na rasa wata yarinya.

Shekarunta 17, aka kawo ta a canza mata bawul ɗin zuciya da zazzaɓin rumatik ya cinye. Irin waɗannan marasa lafiya sun daɗe suna shan Lasix, maganin sa fitsari, da digozin, maganin zuciya, fotashiyam ɗinsu, wani gishirin jini da bugun zuciya ke dogara da shi, a ƙasa yake zuwa. Muna kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, na ga sakamakon gwajin fotashiyam 3.4, wato ya yi ƙasa, na sa aka zuba mata milimol 20 na fotashiyam. Ban duba ba, ashe sakamakon ya kai minti arba'in da fitowa. A tsakanin nan an ƙara mata ruwan tsayar da zuciya har sau biyu, shi kuwa cike yake da fotashiyam, irin wanda ake kira St Thomas milimol 16 ne a lita. Ledar fitsari kuma ko ɗigo ba ta ƙara ba. Da aka cire matsewar babbar jijiya, zuciya ta kwanta lakwas, ta ƙi tashi. Gwaji ya nuna fotashiyam 6.9, ya yi yawa ƙwarai. Sai da kalshiyam, da insulin haɗe da gulukos, da tace jini a injin, sannan ta motsa. Ina jin bugun tawa zuciyar a kunnena.

Tun ranar, ba na ba da fotashiyam sai na san ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, na leƙa ledar fitsari da idona, na tambayi mai injin yaushe zai sake ba da ruwan tsayar da zuciya. Tsakanin 4 da 5 nake son fotashiyam ɗin jini. Bayan an sauka daga injin, ta babbar jijiyar wuya nake sa shi, da famfo, ba ya wuce milimol 20 a awa. Wanda na kama yana tura shi da sirinji kai tsaye, ranar zai bar mini ɗaki.

In kana ta ƙarawa ya ƙi hawa, magnisiyam ne ya yi ƙasa. Gyara shi tukuna.

Sai nomal salin, ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya. Haba jama'a! Don kawai shi ne a kusa da hannu? Kuloraid ɗinsa 154 ne a lita, na jini bai cika wuce 106 ba. Ka ɗura lita uku, jini ya yi tsami, ka ɗauka zuciya ce ta gaza, ka ƙara wata leda, ka kuma kira a kawo bayikabonet, maganin rage tsamin jini. Kai ka haƙa ramin, kai kake ta faɗawa. Ni ruwan Ringa nake ratayawa, ko Plasma-Lyte in an samu, kuloraid ɗinsu bai kai na salin ba. Tsoron ɗan fotashiyam 4 ko 5 da ke cikinsu ba hujja ba ce, tsamin da salin ke kawowa ma yana fito da fotashiyam cikin jini.

Ba duk faɗuwar awon jini ce ƙarancin ruwa a jiki ba. Injin kansa ya riga ya tsinka jinin da ruwa kamar lita ɗaya da rabi, dubi zuciyar kafin ka buɗe leda.

Jinin banki yana da sitiret, sinadarin hana jini daskarewa, mai kama kalshiyam, in ka ƙara leda da yawa ka auna kalshiyam ɗin, kada ya gaza 1.1. Custodiol, wani ruwan tsayar da zuciya, yana saukar da sodiyam, yawanci yakan dawo da kansa, kada ka yi gaggawar ɗaga shi. Ruwan sitaci yana lahanta ƙoda, na daina taɓa shi. Sugan jini kuma ka riƙe shi ƙasa da milimol 10 a lita, amma ka tuna insulin ɗin da ka sa yana jan fotashiyam ƙasa, sai ka sake gwaji bayan minti talatin.