Yadda za ka yi wuni guda a Peruja, garin shokola na Italiya

'Yan uwa na Maradi da ke zuwa Italiya sayen kaya ko ganin yara masu karatu, don Allah in biza ta saura ku ware wuni ɗaya ku je Peruja, a tikiti Perugia za ku gani an rubuta. Babban birnin jihar Umbria ne, bisa tudu yake, kuma can ake yin shokolar nan Baci. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka je da gaggawar kasuwa, shokola ba a cinta a guje.

Ka kama jirgin ƙasa da sassafe daga tashar Termini ta Roma, wajen awa biyu da rabi ne. In tikitin takarda ka saya ka tura shi a ɗan injin da ke bakin hanyar jirgi ya buga mai hatimi kafin ka hau, in ba haka ba tara za su ci ka. Da ka sauka a tashar Fontivegge kar ka hau tudu tukuna, ka nemi bas na unguwar San Sisto inda masana'antar Perugina take, akwai gidan tarihinsu Casa del Cioccolato, amma fa sai ka kama wuri ta intanet tun kafin ranar. A 1907 aka kafa kamfanin, Nestlé ta saye shi a 1988, ita kuwa Baci a 1922 wata mata Luisa Spagnoli ta ƙirƙiro ta, ta kwaɓa ɓarɓashin nocciola, wata 'yar ƙwayar itace da ake ci kamar gyaɗa, da shokola ta ɗora ƙwaya guda sukutum a sama aka lulluɓe da baƙar shokola, shi ya sa za ka ga tana da ɗan tozo, kuma cikin kowace takarda akwai 'yar wasiƙar soyayya.

To ga inda mutanenmu ke kuskure, wajen ɗanɗano. Ka je da cikinka ba a cike ba kuma ba da yunwa ba, ka riƙe ruwa mara sanyi kana kurɓa tsakanin wannan da wancan. In har da fara da mai madara a gabanka, fara da baƙar, don in sukari ya riga ya cika ma baki ba za ka ƙara jin komi ba. Ka karya ta kusa da kunne, mai kyau ƙas take yi, ka shinshina, sannan ka aza a harshe ka bar ta ta narke da kanta kar ka tauna, da farko ɗaci za ka ji sai can ƙamshin ya taso a hankali har hanci. Wanda ya saba da goro ɗacin baƙar shokola mai koko kashi 70 ba zai dame shi ba ko kaɗan. Kuma koko ɗin nan da ake yin shokola da shi dai yawancinsa daga wajenmu yake fitowa, Kodibuwa da Gana kaɗai sun fi rabin na duniya, wallahi abin yana taɓa ni in na ga kuɗin da ake sayar da ɗan ƙaramin kwali.

Sai maganar addini, wannan kar a yi wasa da ita. Wasu shokolar da giya a cikinsu, ka duba bayan kwali in ka ga liquore ko rum ko alcool ka aje, in a warwatse ake sayarwa ka ce ma mai shago senza alcol, wato mara giya. Wajen abincin rana ma haka, yankin nan masu cin alade ne sosai, porchetta da prosciutto duk shi ne, strutto kuma kitsensa. Ka nemi torta al testo, gurasarsu, a sa ma ganye da cuku kawai, ka tambaya ko ba strutto a kwaɓin.

Bayan azahar ka koma Fontivegge ka shiga Minimetrò, 'yan ƙananan taragai ne ba direba, tun 2008 suke aiki, su kai ka Pincetto a ƙolin gari. Takalmi mai taushi fa Hajiya, hanyoyin duk dutse ne da hawa. Ka bi titin Corso Vannucci har dandalin Piazza IV Novembre ka ga Fontana Maggiore, maɓuɓɓugar ruwa da aka gama a 1278, ka matsa kusa ka duba sassaƙen, watannin shekara ne kowane da aikin gonarsa, ga mai girbi ga mai sussuka. Wanda na fi so shi ne Rocca Paolina, ganuwar da Paparoma Paul na 3 ya sa aka fara a 1540 bayan mutanen gari sun yi mai tawaye kan harajin gishiri, bisa gidajen manyan gari aka aza ta, har yau kana tafiya cikin tsoffin lungunansu a ƙarƙashin ƙasa, matakala mai tafiya da kanta na ratsa wurin.

Tsaraba ka bar ta sai marece. Yuro ɗaya sefa 656 ne kusan, ka riƙa lissafi. Baƙar ta fi jure zafi, ka sa ta a jakar hannu, in ka iso Maradi ka ɗaure ta a leda kafin ka sa a firij don kar ta ɗauki warin albasa, in kuma ka ga ta yi fari-fari a sama ba lalacewa ta yi ba, man koko ne ya taso, a ba yara su ci.